An buɗe makaranta, to wa zai biya mai gadi da mai ruwa?

Duk sanda wata jiha a Sudan ta sanar za ta buɗe makarantu, magana biyu zakaji a bakin mutane, albashin malamai da littattafai, shikenan. Ba laifi, malamai sun sha wuya, da yawansu sun yi watanni ba a basu ko sisi ba tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma tun kafin yaƙin ma suna yajin aiki kan albashi. Amma ni abin da ke damuna daban ne. Makaranta ba malami da allo kaɗai bane, akwai wasu mutane da wasu ayyuka da ba wanda ke ambatarsu a sanarwar ma'aikata, kuma in babu su wallahi ko farfesoshi ka zuba a aji, makarantar bazata kai ƙarshen zango ba. Ina nufin gafir mai gadi, da mai shara, da mai karo da ke kawo ruwa da jakinsa, da matar da ke saida fatur, wato abin karin kumallo, a bakin ƙofa, da kafintan da ke gyara benci, da mai kwashe masai in ya cika.

Mu fara da ruwa tunda shi ne ran komai. Wanda ya yi firamare a Gadarif ko Mai Wurno ko ƙauyukan bakin kogi ya san yadda abin yake: tuluna jere a ƙarƙashin bishiyar maina, kofi ɗaya an ɗaure shi da igiya kar a gudu da shi, yara ɗaruruwa duk da shi suke sha. Ranar da mai karo bai zo ba saboda yana bin makaranta bashin ganga uku huɗu ba a biya ba, kafin sha ɗaya na safe rana ta take, yara sun fara sulalewa gida ɗaya bayan ɗaya, malami kuma ba shi da bakin hana su. A da ana ganin wannan ƙaramin abu ne. Amma a watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓarkewar kwalara, kuma Kasala da Gadarif na cikin wuraren da ta fara yi wa ɓarna, to yanzu a gaya mini wane uba ne zai kwantar da hankalinsa ya tura ɗansa inda ba a san daga ina ruwan tulu ya fito ba, ba a san ranar da aka wanke tulun ba, ba sabulu a bakin bayi? Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sinadarin kulorin da ake sa wa ruwa ba tsada gare shi ba, abin da babu shi ne mutumin da aka ɗora wa aikin sa shi kullum, ana kuma biyansa.

Sai bayi. Wannan kam mutane na jin kunyar maganarsa a taron iyaye, sai a tsallake shi a koma kan fentin ofishin mudir, wato shugaban makaranta. Yaro namiji zai zagaya bayan katanga ya gama, yarinyar da ta fara girma fa? In masai ya cika ko ƙofarsa ta ɓalle, za ta riƙe har a tashi, wata rana ta ƙi zuwa, wata ranar ta zama sati, daga nan sai kaji ana cewa ai Hausawa basa barin 'ya'yansu mata su yi karatu. Akwai masu hanawa, ban musa ba, amma a fara sa wa bayin ƙofa da sakata tukun sannan a ƙirga nawa ne suka rage a gida.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, gine-ginen nan sun yi aikin da ba don shi aka gina su ba. Lokacin da Madani ta faɗi a Disamban 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a sun kwararo Gadarif da Kasala da Fot Sudan, kuma makarantu aka buɗe musu. Mu kanmu Hausawan Sudan mun san wannan tun rikicin jihar Nilu Shuɗi na Yulin 2022, inda 'yan uwanmu suka fake a makarantun Damazin. Ba wanda zai zargi mai gudun ceton rai don ya kwana a aji, Allah Ya kiyaye mu duka. Amma masan da aka haƙa don yara na 'yan awoyi ya ɗauki iyalai dare da rana, benci ya karye, taga ta fita, rufin kwano ya yi yoyo damina biyu ba mai kallonsa. Sai a wayi gari a ce ranar kaza za a koma karatu, yara su zo da buhu ko bulo su zauna a kai.

To wa ya kamata ya biya duk wannan? A takarda amsar a fili take, kundin tsarin mulkin 2005, wanda aka yi aiki da shi har 2019, ya rubuta cewa ilimin matakin farko kyauta ne kuma dole, sannan tsarin tarayya ya sa makarantun firamare a wuyan jihohi da mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. A zahiri kuwa mahaliyya in ta yi ƙoƙari ta biya albashi, sauran sai ta jefa wa majalisar iyaye: ku tara na alli, ku tara na ruwa, ku tara na gafir. Nan ne zaluncin yake, don unguwar da ke da 'yan kasuwa da 'ya'ya a Saudiyya masu turo riyal za ta tara a dare ɗaya har da sola, unguwar da mutanenta ke aikin ƙodago a gonakin riɗi da dawa ko kamun kifi kuwa sai an kai ruwa rana, a ƙarshe a koro yaro don babansa bai kawo nasa kason ba. Gwamnati ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma makaranta biyu.

Na san abin da za a ce mini, ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali ba komai, malamai ma basu samu ba balle mai shara. Gaskiya ne kuɗi sun yi ƙaranci. Sai dai wannan ɗabi'ar ta girmi yaƙin, lokacin da ake zaune lafiya ana fitar da man fetur ma iyaye ne ke sayen tulu. Kuma gwamnatin da ta iya shirya jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ta ɗaliban 2023 a ƙarshen Disamban 2024, da cibiyoyi har a ƙasashen waje, ta nuna in ta ɗauki abu da muhimmanci tana nemo masa hanya. Haraji kuma ba a daina karɓa ba a kasuwar amfanin gona ta Gadarif da shingayen kan hanya. Abin da nake cewa a ware wa kowace makaranta kason gudanarwa a kasafin mahaliyya, ko ƙanƙani ne, a rubuce, a manna a bangon ofis kowa ya gani, a sa sunan mai gadi da mai shara a jerin masu albashi ba masu jiran sadaka ba.

Maganar gafir ma ta isa sharhi guda. Dattijo ne yawanci, ɗakinsa na jikin ƙofa da iyalinsa a ciki, shi ne ya san wace taga ce bata kulluwa, shi ke korar awaki daga filin, kuma a wurare da dama da aka watse shi kaɗai ya rage yana tsaron kujerun da ake taƙama da su yau.

Mu ma da namu laifin. Mun iya ciyar da almajiran khalwa, wato tsangaya, ba a taɓa jin ta rufe don rashin tuwo ba, kuma a yaƙin nan kowa ya ga yadda matasa suka riƙe takaya, wato wuraren girkin sadaka, suna dafa wa unguwa guda. Amma in aka zo makarantar gwamnati sai mu ce ta hukuma ce, kamar shayar da yaro mai ƙishi a can ba lada. Fatur ɗin ƙarfe goma shi ke raba yara gida biyu, mai kuɗin ful (dafaffen wake) da burodi ya ci, marar shi ya ce zai je gida ya dawo, kuma bazai dawo ba. Hukumar abinci ta duniya, WFP, ta daɗe tana ciyarwa a makarantun Sudan tun kafin yaƙi saboda ta san wannan, amma bata isa ko'ina ba, kuma tallafin waje yau akwai gobe babu.

Kafin mahaliyya ta farka, a ƙalla mu shiga majalisar iyayen nan da kanmu, iyaye mata ma su shiga, don su ne 'yan mata ke gaya wa abin da basa gaya wa mudir. In an tara kuɗi a karanto lissafi a gaban kowa, a fara da bashin mai karo da na gafir kafin fenti, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa ba yaron da za a kora don babansa bai biya ba.