Baƙon da Ya Zagi Kawu a Rediyo

Tun da hukumar sadarwa ta Ghana, NCA, ta ba ni lasisin magana a rediyo da lambar kira mai farawa da 9G, 'yan majalisarmu ta Aboabo ba su huta ba. Kullum ina cika baki cewa da 'yar rediyon hannun nan zan gaisa da mutumin Japan. Kawu, wanda ya tsufa yana jan tirela tsakanin Kumasi da Bawku, ya ce oba-oba dai ya san ta, ko Kejetia ba ta kaiwa.

Yana da gaskiyarsa. Ita kaɗai ba ta cin nisa, sai ta samu rifita, na'urar da ake kafawa a kan tudu ko dogon bene, ta karɓi muryarka a wata mita ta sake watsa ta a wata. Irin tawa, DMR, murya take mayarwa lambobi, tasha guda ta ɗauki hira biyu, in kuma an haɗa da intanet magana ta tsallaka teku. Daga ɗakina ba na kama rifita ko ɗaya, sai na harhaɗa ƙarama da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi, na jona ta da datar wayata.

Ranar Asabar bayan la'asar, ataya na kan wuta, na jera kayana a tabarma. Na danna na faɗi lambata, na ƙara da, "Salamu alaikum, daga Kumasi." Jim kaɗan sai ga murya shaƙe-shaƙe: "Salamu alaikum, daga Kumasi."

Majalisa kaf ta amsa sallama. Bahaushe, a kiran farko! Na'urar tana matse murya har mutum ya kasa gane tasa, ni kuwa murna ta toshe min kunne. Kawu ya fizge rediyon, abin da doka ba ta yarda ba tunda ba shi da lasisi, amma wa zai hana Kawu?

"Ɗan wace unguwa ne kai?"

"Ɗan wace unguwa ne kai?"

"Ni na fara tambaya!"

"Ni na fara tambaya!"

Kawu ya ture hula ƙeya. "Yaro, ba ka da manya a gidanku?" Da aka maido masa da wannan, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Ɗan ƙanwata ne ya leƙa fuskar rediyon ya ce, "Kawu, 9990 ce fa. Ta gwaji ce, abin da ka faɗa shi take maimaita maka."

Ana ta dariya, na karɓa a hankali na murɗa zuwa 91, zauren da duniya duka ke haɗuwa a BrandMeister, tsarin da ke haɗa rediyoyin DMR ta intanet, don in wanke kaina. Kawu bai lura ba. Ya sake wafcewa, wai yanzu da ya san ba mutum ba ne zai huce. Ya danna, ya zazzage duk ashar ɗin da ya tara a tashoshin mota, har da na Twi.

Wannan karon ba a maimaita ba. Wani Bature ne ya amsa cikin ladabi, yana roƙon tashar Ghana ta sake faɗin lambarta, bai ji da kyau ba. Lambar tawa kuwa tuni ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar duk rediyon da ke saurare.

Kawu ya ajiye min ita a cinya, ya ɗauki butarsa. "Ɗana, ka amsa wa baƙonka. Ni alwala zan yi."