Davilex bai cancanci wannan dariyar ba

Na kalli bidiyon da aka ɗora mana jiya da daddare a kan wasannin kamfanin Davilex har ƙarshensa, na kuma karanta yadda kuka yi ta shewa a ƙarƙashinsa, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Mutum ya zauna minti ashirin yana nuna motar da ta shige cikin bango da bishiyoyin da suka yi kama da kwali, sannan ya yanke hukunci cewa Davilex shi ne kamfanin wasannin kwamfuta mafi muni da ƙasar Holan ta taɓa fitarwa. A duk tsawon bidiyon bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa mutane suka riƙa sayen waɗannan wasanni shekara bayan shekara ba, alhali wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a yi.

Amsar tana cikin sunan wasan da ya fito da kamfanin fili a 1997, wato A2 Racer, wasan tseren mota. A2 babbar hanya ce ta gaske, wadda ta tashi daga Amsterdam ta bi ta Utrecht ta gangara kudu har Maastricht, kuma garin Houten, inda ofishin Davilex ya kasance, yana dab da Utrecht. Ke nan mutanen da suka ƙera wasan hanyar da ke bakin ƙofarsu suka ɗauka suka sa a faifai. Yaron da ya saba zama a kujerar baya mahaifinsa na tuƙi cikin cunkoson safiya, sai ga shi riƙe da sitiyari a kan wannan titin, yana wuce allunan nan masu launin shuɗi da farin rubutu ɗauke da sunayen garuruwan da ya sani, 'yan sandan ƙasarsa na biye da shi. Abin da Davilex ya sayar ke nan, ya sayar wa mutum titin garinsu, kuma a wancan lokaci manyan kamfanonin duniya ba su da niyyar yi wa ƙaramar ƙasa irin Holan wannan hidima.

Na san za a ce ai a shekarar ce wani wasan tseren mota, Need for Speed II, ya fito, kuma ya fi shi kyan hoto da daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Na yarda, ban kuma taɓa cewa motocin Davilex suna juyawa yadda mota take juyawa ba. Amma wannan kwatance bai taɓa maganar da nake yi ba, domin duk kyan wancan wasa babu hanyar Utrecht a cikinsa. Davilex, kamfanin da asalinsa manhajar lissafin kuɗi ta 'yan kasuwa yake yi, ya shigo fagen da ƙattin Amurka da Japan suka mamaye, ya san sarai ba zai kai su kuɗi ko yawan ma'aikata ba, sai ya nemi abin da suka raina ya riƙe shi da hannu biyu. Ni a wurina wannan basira ce, kuma wanda ya kira ta ha'inci bai fahimci kasuwa ba.

Hujjar cewa ba sa'a ce kawai ta faɗa musu ba ita ce yadda suka maimaita dabarar a ƙasashen maƙwabta ta kuma karɓu. Jamusawa suka samu Autobahn Raser, Turawan Ingila suka samu London Racer, Faransawa suka samu Paris-Marseille Racing, kowa da titinsa da allunansa da 'yan sandansa. A Jamus sunan ya shiga mutane har aka yi fim da shi a 2004. A gida kuma suka fitar da Grachten Racer, inda ake tsere da jiragen ruwa a magudanan da suka ratsa Amsterdam, da AmsterDoom, wasan harbi da aka gina a kan unguwannin birnin. Duk inda ka duba tunanin ɗaya ne: a ba mutum wurin da ya sani.

Ni London Racer na fara sani, a wani faifai da ya zo hannuna tare da tsohuwar kwamfuta ta hannu biyu. Ban taɓa zuwa Landan ba, don haka a idona wasan tsere ne kawai mai taurin sitiyari, har ranar da wani yayana da ya yi karatu a can ya tsaya a bayana yana kallo. Sai na ji yana kiran sunayen wurare, yana nuna allon da yatsa yana cewa nan ya taɓa tsayawa jiran bas. Ya karɓi kujerar ya zauna, mutumin da ban taɓa ganin ya kula da wasa ba, bai tashi ba sai da aka kira magariba. Tun ranar na gane cewa ba ni aka yi wa wasan ba, shi aka yi wa, kuma mai bidiyon jiya yana tsaye ne a inda na tsaya kafin yayana ya shigo ɗakin.

Idan akwai inda zan ga laifin Davilex, to wurin da ya saki wannan igiya ne. Da ya koma sayen izinin tsofaffin shirye-shiryen talabijin na Amurka, ya fitar da Knight Rider a 2002 da Miami Vice a 2004, ya shiga kasuwar da ba shi da wani abin da ya fi kowa a cikinta, kuma a nan raunin aikinsa ya fito fili ba abin da zai rufe shi. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kuma a kan waɗannan biyun ba zan kare shi ba. A 2005 aka rufe sashen wasannin, shekarar da Sony ya sayi Guerrilla Games na Amsterdam, kamfanin da ya yi wasan harbi mai suna Killzone. Tun daga nan duk mai son ba da tarihin wasannin Holan sai ya fara daga Guerrilla, ya tsallake Davilex kamar abin kunya, ko ya ambace shi don a yi dariya kawai.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne ko sau ɗaya bidiyon bai ambaci RedCat ba, jerin wasannin koyarwa da kamfanin ya yi wa yara, inda wata jar kyanwa take jan su cikin lissafi da sanin taswira da harshen Holanci. Yara da yawa a can ta hannun wannan kyanwa suka fara zama gaban kwamfuta, suna koyo da harshen da ake yi musu magana da shi a gida. Wanda ya ɗora mana bidiyon, ina roƙonsa ya nemo hotunan RedCat ya ɗora su ma a nan.