Lambobin aro ba sa riƙe kwamfuta

Shekaranjiya da daddare ɗan yayata ya turo min hoton allon kwamfutarsa ta wasa, ya yi shuɗi shar, ga fuskar nan mai ɓacin rai a gefe. Ya rubuto cewa, "Kawu, Windows ɗin nan ta lalace, yau sau huɗu tana mutuwa ina tsakiyar wasa." Na faɗaɗa hoton na duba ƙasa, sai ga CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT a rubuce ɓaro-ɓaro. Shi da ya ɗauki hoton da hannunsa bai karanta ba. Na tambaye shi ko ya taɓa wani abu a BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe. Shiru. Can bayan kamar minti goma ya ce, "Ɗan abu kaɗan na gyara."

Da na matsa masa, ga ɗan abu kaɗan ɗin: ya kalli wani bidiyo, ya dakatar da shi daidai inda mutumin ya nuna saitinsa, ya kwafe lambobin kaf. Ya ɗaga gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ƙara masa wuta, ya cire iyakar wutar da aka gindaya masa, ya ɗaga gudun RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sannan ya buɗe manhajar MSI Afterburner ya ja na katin hoto shi ma. Duk a dare ɗaya. Da kwamfutar ta fara faɗuwa, sai ya ƙara wuta. Ta sake faɗuwa, ya sake ƙarawa, har ya kai bolt 1.45. Windows kuwa sau biyu yana goge ta yana sake sakawa, wai ita ce mai laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ƙannena, samari masu wannan harka, da ku nake. Ba na ƙin a ƙara wa kwamfuta gudu, abin da kuke kira obakulok. Ni ma na yi, kuma har gobe ina jin daɗin ganin na'ura ta ba da fiye da abin da aka rubuta a kwalinta. Abin da ke ƙona min rai shi ne wannan ɗabi'a ta kwafar lambobin wani a zuba su gaba ɗaya, ba gwaji, ba rubutu, ba haƙuri, in abu ya ɓaci kuma a hau zargin kowa da komai.

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa lambobin mutumin bidiyo suka zauna masa? Firosesa biyu masu suna ɗaya, lamba ɗaya, waɗanda aka yanko daga faifan silikon guda, ba sa zama daidai. Wani zai riƙe gigahaz 5.2 da wuta kaɗan yana sanyi ƙalau, ɗan uwansa ko 5.0 sai da kyar. Masu harkar suna kiran abin cacar silikon, don ba ka san wanda ya faɗo hannunka ba sai ka gwada. Ban da wannan, madabod ɗinka, wato babban faifan da ake jona komai a kansa, daban, abin sanyayawarka daban, akwatin wutar da ke ba kwamfutarka lantarki daban, zafin ɗakin da kake ma daban. Mai bidiyon nan wataƙila daga cikin firosesa da dama ya zaɓi wanda ya fi kyau, ya ɗora masa sanyaya mai ruwa, akwatin kwamfutar a buɗe. Kai kuma ka zo da ƙaramar fanka da ƙura ta toshe ka ce sai ka yi yadda ya yi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Lissafin kansa ba wuya. Akwai gudun tushe, megahaz 100, sai lambar da ake ninka shi da ita. Ka sa 50, ka sami gigahaz 5. Yaro ma zai iya buga 52 a gurbin 50, kuma sauƙin nan shi ke ruɗar ku. Aikin yana wajen gano ko naka zai iya riƙewa, da wuta nawa, da zafi nawa, na tsawon wane lokaci. Wannan ba ya cikin bidiyon kowa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. An koya muku cewa in ta faɗi a ƙara wuta, kamar maganin nan da ake cewa yana warkar da cuta casa'in da tara. Gaskiya ne wani lokaci ƙarancin wuta ke kawo faɗuwa. Amma zafin da firosesa ke fitarwa ba ya bin wuta taku da taku, ninkin kanta yake bi. Daga bolt 1.25 zuwa 1.45, ko ba ka ƙara gudu ko ɗaya ba, ka ƙara zafi da kusan kashi 35 cikin ɗari. Firosesan Intel da yawa iyakarsu digiri 100 ce, Ryzen 7000 na kamfanin AMD kuma galibi 95, da sun kai nan sai su rage gudu da kansu don su tsira. Ka ga ke nan wanda ya zuba wuta don neman gudu yana iya ƙarewa da kwamfutar da ta fi ta farko jinkiri. Garin neman gira an rasa ido. Kuma wannan mai sauƙi ne. Wuta mai yawa da zafi suna cin siraran hanyoyin da ke cikin firosesa a hankali, kamar yadda ruwa ke zaizayar gaɓar kogi. Yau yana riƙe 5.2, bayan wata shida ba ya riƙewa sai ka ƙara wuta, ka ƙara, zaizayar ta ƙaru, har ranar da ko a saitin masana'anta ba zai tsaya ba. Abin da ya zaizaye kuwa ba ya dawowa.

In kuna ganin tsoratarwa ce, ku tuna 2024. Firosesan Intel na zubi na 13 da na 14 sun yi ta faɗuwa a hannun mutanen da ba su ma taɓa saitin komai ba, daga baya kamfanin ya tabbatar cewa wuta ce ke hawa fiye da ƙima, ya fitar da gyara ta BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wanda ya riga ya lalace sai dai a musanya shi. A 2023 ma an ga wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone har da kumburi a ƙasansu, har AMD ta ƙayyade wutar wani sashe nasu a bolt 1.3. Injiniyoyin da suka ƙera abin da hannunsu, da ɗakunan gwaji da komai, wuta ta ba su kunya. Kai da ka kalli bidiyon minti takwas kake buga 1.45 kana hamma. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Abin haushin, kwamfutar ba ta mutuwa a shiru. Tana faɗa maka inda ke mata ciwo, kai ne ba ka saurare. Shuɗin allon nan da kuke saurin kashewa wasiƙa ce. In ka ga CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR bayan ka taɓa gudu, yawanci firosesa ne ke cewa an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. In MEMORY_MANAGEMENT ne, ko kuma kowace faɗuwa da sabon suna, hankalinka ya koma kan RAM. In allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ko ka ga ɗige-ɗige da zane-zanen da ba na wasan ba, katin hoto ne. Windows tana jiransa daƙiƙa biyu, in bai amsa ba ta sake tayar da direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi. In kuwa ɗif ta yi kamar an zare waya, babu shuɗin allo babu komai, to ka dubi akwatin wuta ko zafi. Amma ta yaya za ka san wanne ne, alhali biyar ka taɓa a lokaci guda? Wanda ya sha magani biyar a tare, in cikinsa ya murɗa, wanne zai zarga? Nan ne kwafar lambobi ke yi muku illa ta biyu: ta jefa ku a rami, ta kuma ɗauke tsani.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da na gani a hoton da yaron ya turo daga baya da ya buɗe akwatin. Fitilu ko'ina, ja, kore, shuɗi, har RAM ɗin walƙiya yake. Akwatin wuta kuwa wani marar suna ne, wanda ko takardar jikinsa ba ka yarda da ita ba. Haka kuke. Abin da ido zai gani a kashe masa, abin da ke riƙe da ran na'urar a nemi mafi araha. Ƙura ta yi wa fankoki rawani. Man da ke tsakanin firosesa da abin sanyayawa tun ranar da aka haɗa ba a sake shi ba, ya bushe ya zama kamar alli. A haka ake neman gigahaz. Ga kuma masu ba da shawara a rukunonin hira, waɗanda ba su taɓa tambayar wane madabod gare ka ba, amsarsu ɗaya ce kullum: "ƙara wuta kawai." Ranar da naka ya ƙone ba za ka ga ko ɗayansu ba. Su ma ku ji tsoron Allah, kayan mutane ne.

RAM ma da kuke rainawa. Da yawanku ba ku san cewa XMP ɗin nan, shiryayyen saitin RAM da kuke kunnawa da dannawa ɗaya, ko EXPO a ɓangaren AMD, shi ma ƙarin gudu ba ne. RAM nau'in DDR4 asalin wutarsa bolt 1.2 ce, XMP kan kai shi 1.35. Galibi yana zama lafiya, amma ba dole ba ne, musamman in ka cika ramuka huɗu ko ka haɗa sanduna daga kwali daban-daban. Kuma RAM marar natsuwa mugun abu ne, don ba kullum yake faɗuwa a gabanka ba. Sai ya riƙa ɓata bayanai a ɓoye, fayil ya lalace, wasa ya ƙi buɗewa, Windows ɗin da ka sake sakawa ita ma ta shiga da rauni tun daga tushe. Yaron nan da ya goge tasa sau biyu a kan saitin da bai zauna ba, gini ya yi ta yi a kan yashi.

Wallahi a da ba haka ake yi ba. A 1998 da firosesan Intel mai suna Celeron 300A ya fito, mutane suka gano in ka ɗaga gudun tushe daga 66 zuwa 100 sai ya tashi daga megahaz 300 zuwa 450. Rabin gudunsa aka ƙara, kyauta. An yi zamanin da ake haɗa ƙananan gadoji a saman firosesan AMD, Athlon da Duron, da fensir don a buɗe su a iya ɗaga gudunsu. A 2011 Core i5-2500K mai gigahaz 3.3 ya riƙa kai wa 4.5 a hannun mutane da yawa da fanka kawai. Riba ce ta gaske, amma duk da haka masu yi ba su yi gaggawa ba. Mutum yana da littafi a gefen kwamfuta. Ya ƙara mataki ɗaya, ya rubuta, ya kunna manhajar gwaji ta Prime95 ya bar ta tana aiki har gari ya waye, wasu ma sai ta yi awa 24 kafin su yarda su ce ta zauna. Ya kwana yana gwada RAM da MemTest86. In ka zo kana alfahari da lamba ba ka nuna gwajin da ta tsallake ba, dariya za a yi maka. Kowa ya san inda batirin madabod yake, ɗan CR2032 ɗin nan mai kama da kwabo, ya san yadda zai mayar da komai asali in allo ya ƙi kawowa. Kafin ka tambayi wani, ka karanta littafin madabod ɗinka daga bango zuwa bango, don kunyar a ce ba ka karanta ba.

Yau fa? A buga lamba, Windows ta buɗe, a yi gwajin Cinebench zagaye ɗaya, a ɗauki hoto a watsa, shi ke nan an zama gwani. Gwajin minti biyu. Abin dariyar ma, firosesan yanzu da kansu suke ɗaga gudunsu har kusa da iyakarsu in sun sami sanyi, abin da ya rage maka ka tatsa kaɗan ne, a wasanni da yawa ko a ido ba za ka gane ba. A da an yi haƙuri don riba mai yawa, yanzu ana gaggawa don ribar da sai da ma'auni ake ganinta. Masu kafa tarihin da kuke gani suna haura gigahaz 8 da 9, da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili suke yi, ko abin da ya fi shi sanyi, na ɗan lokaci kaɗan, kuma sun san firosesan na iya mutuwa a wurin. Ba da shi za su yi wasa gobe ba. Kai naka guda ɗaya ne, kuma ka san da yadda aka same shi.

Ni ba dogon abu nake nema a wurinku ba. Ku natsu. Ku koma asali ku ga ko tana lafiya a haka, ku taɓa abu ɗaya, ku jira, ku sa ido a kan zafi, ku rubuta. Sauri ya haifi nawa. Amma na san halinku, wannan maganar ta yi muku tsawo, da bidiyo ce da tuni kun tsallake zuwa inda ake nuna lambobin.

Yaron dai na sa shi ya zare batirin ya mayar da komai yadda ya zo, ya share ƙurar, ya sake man. Jiya ta wuni ba ta faɗi ba, ko an yi mata lahanin da zai fito nan gaba, lokaci ne zai nuna. Na ce ya sami littafi, mu fara daga RAM a ƙarshen mako. Ɗazu da rana sai ga saƙonsa: "Kawu, na ga wani bidiyon, shi irin madabod ɗina gare shi sak." Ban ba shi amsa ba tukuna.