Gidan Carnarvon da adakar kakana

Tun da aiki ya kawo ni Ingila, babu gidan da ya tsaya mini a rai kamar Highclere, gidan gadon masu sarautar Earl na Carnarvon a yankin Hampshire. Sarautar, wadda za a iya kwatanta ta da ta babban hakimi, an fara ta a 1793, yanzu ana kan na takwas. Ba girman ginin ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne, kowannensu an san abin da ya sa a gaba, kuma shaidar tana nan a ajiye.

Na uku gini ne a ransa, shi ya ɗauko Charles Barry, wanda ya zana majalisar dokokin Birtaniya, ya sake wa gidan fasali. Na huɗu ɗan siyasa ne, sakataren ƙasashen da Ingila ta mallaka, shi ya gabatar da dokar 1867 da ta haɗa Kanada. Na biyar kuwa hatsarin mota ne ya raunana shi, ya riƙa gudun sanyin hunturu zuwa Masar. A can ya ɗauki nauyin Howard Carter, masanin tonon kayan tarihi, shekara da shekaru, har aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Nuwamba 1922. Bayan 'yan watanni reza ta yanke shi a inda sauro ya cije shi, wurin ya ruɓe, ya mutu a Alƙahira a 1923. Jikansa, na bakwai, shi ya kula da dawakin sukuwar Sarauniya Elizabeth daga 1969 har mutuwarsa a 2001.

Ba komai nasu nake yabo ba. Kayan Masar da na gani a ɗakunan ƙasan gidan, ni dai a ganina Masar ce mazauninsu. Amma labarinsu ya sa jikina ya yi sanyi: an same su ne a ƙarshen shekarun 1980, a wani ɓoyayyen kabad tsakanin falo biyu, bayan wani tsohon baran gidan ya tuna da su. Fiye da shekara sittin, babu abin da ya taɓa su.

Mu ma fa muna da irin waɗannan gidaje. Dubi Katsina: Sarki Muhammadu Dikko da son dawaki, ɗansa Usman Nagogo da ya shahara a wasan folo, har abin ya gangaro kan Sarki Kabir Usman. Wannan gado ne da ba ya jin kunyar na kowa. To amma in ka sauko kan gidajen hakimai da dagatai, tarihin yana bakin maroƙa da tsofaffin gida, kuma tsofaffin tafiya suke yi.

Kakana dagaci ne. Ina yaro na sha ganin adakarsa ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da wasiƙun ajami da rasitan haraji da jangali, an ɗaure su da zaren saƙa. Da ya rasu aka tura ta zauren da ke yoyo. Ranar da aka buɗe, gara ta gama da rabi, sauran damina ta manne su. Har da ni a masu laifi, don na san tana nan ban ce uffan ba.

A tashar jirgin ƙasa ta Newbury na kira Yaya, na roƙe shi ya ɗauki hoton duk takardar da ta rage, ya kuma zauna da Gwaggo da waya a kunne tun tana iya tuna sunaye. Ya ce takardu goma sha ɗaya ne suke karantuwa.