Hoton almajiri babu suna, wa ya amfana?

A Arewa babu wanda kyamara ta fi gani kamar almajiri, kuma babu wanda aka fi rashin sani kamar shi. Daga nan Amurka nake ganin hotunan a Facebook kusan kullum: yaro da robar bara, ƙafa duk kaushi, riga ta sha dauɗa, an ɗauke shi ta gilashin mota a bakin danja. A ƙasa sai a rubuta "Allah ya kyauta". Shi ke nan. Ba suna, ba gari, ba tsangayar da yake, ba wanda ya kawo shi.

Abin da ya sa na fara jin haushin wannan shi ne hotunan wani Ba'amurke, Lewis Hine, waɗanda sama da 5,000 daga cikinsu ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a Washington, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Malamin makaranta ne, ya ajiye alli a 1908 ya shiga yawon masaƙu da mahaƙar kwal yana ɗaukar yaran da ake sa wa aikin ƙarfi. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, don haka wani lokaci ya ce shi mai duba kayan kashe gobara ne, wani lokaci mai sayar da littattafan addini. Amma ba dabarar shigarsa ce ta burge ni ba, rubutun da ke ƙasan hoton ne. Akwai wata yarinya tsaye gaban doguwar injin zare a Lancaster, jihar Carolina ta Kudu: ya rubuta sunanta, Sadie Pfeifer, tsayinta inci 48, ta yi rabin shekara tana aiki. An ce da maɓallan kwat ɗinsa yake auna tsayin yara, tunda ba zai fito da ma'auni a gaban mai gadi ba. Hoto irin wannan ba a musa shi. Majalisar Amurka ta yi dokar hana sa yara aikin ƙarfi a 1916, kotun ƙoli ta rushe ta a 1918, sai a 1938 aka samu wadda ta zauna. An daɗe, amma shaidar tana nan tana jira.

Mu fa? A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Hotuna sun cika waya. Yau idan ka ce a nuna maka yaro ɗaya daga cikinsu, a gaya maka ƙauyensu, ko ya zauna gaban iyayensa ko ya dawo bara bayan an buɗe hanya, hoton ba zai amsa ba, don ba a tambaye shi komai ba tun farko.

Kada a ɗauka wai nan komai daidai ne. Hoton da ya fi shahara a zamanin fatarar Amurka, na wata uwa ta yi tagumi 'ya'yanta sun ɓoye fuska a kafaɗunta, Dorothea Lange ta ɗauke shi a California a 1936 ba tare da ta rubuta sunan matar ba. Sai a 1978 duniya ta san Florence Owens Thompson ce, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba. Fuskarta ta zagaye duniya, ita tana nan cikin talaucinta. Wannan laifin shi muke maimaitawa, sai dai namu har da ƙari: da azumi za ka ga an jera marayu da zawarawa, kowa rungume da ƙullin shinkafa, mai bayarwa ya tsaya a tsakiya yana murmushi. Sunansa ne kaɗai a rubuce. Mu da muke roƙon Allah rufin asiri safe da yamma, ban san yadda muka yarda da wannan ba.

Kuma ba sai an je wata ƙasa koyo ba. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram wajen 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa. Ta ɗauki 'yan kasuwa, 'yan makaranta, 'yan gudun hijira, amare da kwalliyarsu, tana zama ta saurari mutum sannan ta rubuta abin da ya faɗa da bakinsa.

Wani zai ce sa sunan yaro ai tona masa asiri ne. Akwai gaskiya a nan, kuma ko Hine da yana raye yau sai an tuhume shi kan izini. To a nemi yardar malaminsa da ta yaron, a sakaya sunan idan ya cancanta. Amma a rubuta shekarunsa, daga wace ƙaramar hukuma ya zo, yaushe rabonsa da mahaifiyarsa, izu nawa ya kai, ina yake kwana da damina, wace uwar ɗaki ce ke ajiye masa abinci. Wannan aikin sai an sauka daga mota, an tsuguna, an gaisa da alaramma, watakila a koma sau da yawa kafin a ciro kyamara daga jaka.