Yoyon bakin mai a botom filet: haƙuri aikin ke so, ba yawan gam ba

Jama'a ina so in yi magana a kan wani aiki da aka mayar da shi kamar sai bakanike, alhali mai mota zai iya yinsa a ƙofar gidansa in yana da kayan aiki da natsuwa, wato sake liƙe botom filet, wannan kaskon da ke ƙasan inji inda bakin mai ke taruwa. Motata Honda Accord ce ta 2005, wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu. Kusan wata shida duk inda na ajiye ta sai na tarar da ɗigon mai a ƙasa, sau biyu ina kai ta gareji, duk biyun abu ɗaya aka yi, aka shafa gam ta waje a kan datti aka ce shikenan Alhaji an gama. Sati biyu yoyo ya dawo. Gam da aka shafa ta waje ba ya tare komai wallahi, mai yana tsattsafowa ne daga tsakanin fuskar kaskon da ta inji, kuma gam ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo.

Kafin ka taɓa ko kusa ɗaya, ka tabbatar daga nan yoyon yake. Mai ƙasa yake gangarowa, to duk abin da ya zubo daga murfin saman inji ko filta ko wajen fuli a botom filet zai ƙare, sai a ɗora masa laifi. Ni wanke injin na yi tas, na yi kwana biyu ina hawa ina leƙawa da tocila, sai na ga layin man yana fitowa daga bakin kaskon ta ɓangaren giya. Wani ma wosha ɗin kusar juye mai ce kawai ta mutu.

Abin da ke tsorata mutane a wannan motar shi ne ƙunci. Ƙarfen da ke riƙe da inji ta ƙasa ya matso kusa da kaskon sosai, wasu kusoshin sifana ba ta zama a kansu da kyau, kuma ko ka kwance su duka kaskon ba zai sauko kai tsaye ba. Abin da na yi, na sassauta injin sit, wato mazaunan da ke riƙe inji a jikin mota, na sa jak da katako mai faɗi ta ƙarƙashin giya na ɗaga a hankali a hankali har aka samu 'yar rata da hannu zai shiga. Kar ka ɗaga da yawa, akwai tiyo da wayoyi a sama da za su iya tsinkewa, kuma kar ka kafa jak a kan kaskon da kake son cirewa. Sannan don Allah don Annabi kar wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A sa ƙarafan tallafi a ƙasa mai tauri, a toshe tayoyin baya da dutse ko katako, a ja burkin hannu. Wannan maganar rai ce, ba ta kuɗi ba.

Injin nan ba shi da fakin, wato robar da ake sawa tsakanin kaskon da inji don tare mai, tun daga kamfani gam aka sa, kuma kaskon alminiyum ne. Shi ya sa in ya liƙe kar ka cusa sukundireba ko'ina ka dinga bugawa, in ka yi wa fuskar rauni to ka buɗe wa mai hanya ta dindindin. Akwai wuraren da aka bari a gefe don ɓanɓarowa, nan za ka bi.

To daga nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne ake ha'inci. Kankare tsohon gam. Ni wannan kaɗai ya ci min fiye da awa biyu, ina kwance a kan kwali da abin kankara na roba, wuya na ciwo, mai na ɗigowa daga cikin inji yana sake ɓata inda na goge, sai na bar shi ya tsane na sake gogewa da tsumma mai tsabta da maganin wanke maiƙo har sai da yatsa ya daina santsi a kai. Ramukan kusoshi ma sai an tsabtace su. Kuma lokacin hunturu ne, ƙura na tashi, dole na rufe kaskon da leda har zuwa lokacin ɗaurawa.

Abu ɗaya da ya cece ni: na gwada mayar da kaskon ba gam har sau uku, sai da hannuna ya haddace ta ina zai shiga, ta ina zai karkata, don in ka shafa gam sannan ka fara lalube a wannan ƙuncin, gam ɗin zai goge a jikin ƙarfe tun bai isa wurinsa ba, kuma mintuna kaɗan gare ka kafin ya fara bushewa.

Maganar yawan gam kuma ita ce ta fi damuna. Mutanenmu sun ɗauka in an lafta shi da yawa ya fi riƙewa. Siririn layi ake so, kaurinsa kamar milimita uku, ya zagaye ba tare da ya yanke ba, ya bi ta cikin ramukan kusoshi. Wanda ya yi yawa in an ɗaure matsewa yake ya faɗa ciki, ya gutsuttsure, ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, wata rana kana kan hanya jar fitilar mai ta kama, inji ya buga saboda gam na 'yan kuɗi kaɗan. Na ga guntayen tsohon gam a cikin kaskona da idona. Ka sayi gam da aka yi don inji, mai jure zafi da mai, ni a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo nawa.

Kusoshin ƙanana ne, na sifana lamba 10, ƙarfin ɗaurinsu bai wuce niyuton mita 12 ba, wato ɗauri ne na tausayi, a bi su a gicciye zagaye biyu ko uku. In ka danne da ƙarfi zaren alminiyum ya tafi.

Ban ɗora wa kanikawa laifin duka ba gaskiya, akwai masu amana da suka fi ni sani nesa ba kusa ba. Mu masu mota muna da namu, mutum ya kawo mota ƙarfe goma yana so sha biyu ya tafi ɗaurin aure, ga kuɗin aikin ma sai an yi ciniki kamar za a yi faɗa, yaushe yaron gareji zai zauna kankara awa biyu? Kamfanin Honda ya ce a jira aƙalla minti 30 kafin a zuba mai, kuma kar a tayar da inji sai bayan awa 3. A gida ba wanda ke gaggauta ni, na bar ta ta kwana, da safe na sauke injin na ɗaure injin sit, na sa sabuwar filta na zuba lita huɗu da ɗan ɗori. Tsohon man na zuba a jarka, ban malalar da shi a kwata ba. Yau wata biyar ke nan, har yanzu ina shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da daddare in duba da asuba, kuma a bushe nake ɗauke shi.