Binciken da bai fita daga mujalla ba

Malamin jami'a kan shafe shekara uku ko huɗu yana bin diddigin matsala guda, ya wallafa sakamakon a mujallar ƙwararru, sannan ya ɗaura ɗamarar wani aikin. Masu karanta abin da ya rubuta takwarorinsa ne, domin harshen mujallar nasu ne, kuma sau da yawa sai an biya kuɗi kafin a buɗe maƙalar. Manomin da binciken ya shafi irin da yake shukawa, da uwar da ake magana a kan rigakafin ɗanta, ba sa ko jin labari, alhali yawancin irin wannan aiki da dukiyar al'umma ake yin sa.

Ban ɗora wa malaman laifin duka ba. Kwamitocin ƙarin girma suna ƙirga maƙalun mujalla da yawan waɗanda suka ambace su, rubutun jarida kuwa ba ya ƙara wa mutum komai, har akan yi wa mai yin sa kallon mai neman suna. A 1992 an ƙi karɓar Carl Sagan, masanin taurari, cikin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, kuma da dama sun danganta hakan da shahararsa a talabijin.

Sai dai shirun masana yana da tsada. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga maƙalar wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, wadda ta dogara da yara 12 kacal wajen alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga (autism). Sai a 2010 aka janye ta, bayan iyaye da yawa a Birtaniya sun guji allurar, ƙyanda kuma ta sake yaɗuwa. An yi nazarce-nazarce masu yawa da suka rushe wannan da'awa, amma tsoron ya riga su isa gidajen mutane.

Abin da nake jin tsoro a ɗaya ɓangaren shi ne sauƙaƙawar da kan zarce ta zama gurɓatawa. Idan a jikin ɓeraye aka yi gwaji, wajibi ne a ce ɓeraye ne, idan kuma sakamakon bai wuce "wataƙila" ba, kada kalmar ta ɓace don kanun labari ya yi armashi. Mai karatu na iya ɗaukar gaskiyar da ba ta kammalu ba, matuƙar an yi masa bayani da mutuntawa. Kafar The Conversation, wadda aka kafa a Ostireliya a 2011 don malaman jami'a su riƙa yi wa jama'a rubutu, ta nuna hanya: edita ya gyara harshe, amma ba a wallafawa sai malamin ya amince da abin da aka gyara.

Ina ganin lokaci ya yi da jami'o'i za su ware wa irin wannan rubutu maki a takardar neman ƙarin girma, su kuma koya wa ɗaliban digirin digirgir yadda za su bayyana aikinsu cikin shafi guda, da harshen da mutanen da abin ya shafa suke ji.